Gaskiya ko Jita-jita: Matsalar Rabon Ƙwaƙwalwa a Cikin Kenel

A ƙarƙashin duk manhajojin da muke taɓawa a waya ko kwamfuta akwai wani sashe da ake kira kenel. Shi ke raba ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, tsakanin manhajoji da sassan na'ura irin su kyamara da allo. Wayoyin Android da ke hannun yawancinmu da kenel ɗin Linux suke aiki, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a ƙasar Finlan a 1991. Da yake wannan rabo a ɓoye yake gudana, alamunsa kawai muke gani, shi ya sa zato ya yi yawa a kansa.

"In dai RAM na da yawa, ba za a rasa wuri ba"

Ba kullum ba. Kenel yana yanka RAM zuwa ƙananan shafuka, galibi kowanne kilobayit 4. Manhaja ba ta damu ba ko shafukanta a warwatse suke, domin kenel na nuna mata su kamar a jere. Amma wasu sassa, kamar kyamarar wasu wayoyi, da kansu suke zuba bayanai cikin RAM ta hanyar da ake kira DMA, kuma suna bukatar wuri guda mai faɗi wanda bai yanke ba. Mai filaye goma a unguwanni daban-daban yana da ƙasa, amma ba shi da inda zai gina makaranta. Haka na'urar da ta daɗe a kunne take zama: ga sarari, amma gutsi-gutsi. Don magance wannan aka shigar da tsarin CMA cikin Linux 3.5 a 2012, wanda ke ware yanki a jere tun daga lokacin kunnawa. Ban da haka, tsofaffin sassa masu adireshin bit 32 ba sa iya kaiwa ga abin da ya wuce gigabayit 4 na farko, kome girman RAM ɗin. Muna ruɗuwa ne saboda lamba ɗaya tak, wato girman RAM, ake rubuta mana a jikin kwali.

"Na kashe na kunna, matsalar ta tafi"

Ta lafa ne kawai. Kowane sashe yana da direbansa, wato ƙaramin shirin da ke haɗa shi da kenel. Idan direba ya ari wuri bai mayar ba, a duk lokacin da aka buɗe kyamara ko aka jona kebul sai a rasa ɗan yanki, kamar yoyo. Bayan kwanaki abin ya taru, na'ura ta fara nauyi. Kashewa da kunnawa na share RAM gaba ɗaya, sai yoyon ya koma farawa daga sifili. Ko filashin da mai gyara ke yi, in da tsohon tsarin aka sake ɗorawa, kuskuren na nan daram. Sauƙin da muke samu nan take gaskiya ne, shi ya sa wannan zato ya kafu.

"Manhajar share RAM za ta gyara"

Manhajar da muka sauke ba ta da ikon taɓa wurin da kenel ya riƙe wa direba. Iyakarta ta rufe wasu manhajoji, su kuma su sake tashi, batir ya ƙara shan wahala. Cikar RAM ma ba cuta ba ce a kanta: Linux da gangan yake ajiye abubuwan da aka karanta kwanan nan a wurin da ba kowa, kuma yana sakinsa da zarar an bukata.

"Kuskuren direba ɗaya ba zai kayar da na'ura duka ba"

Zai iya. Manhaja in ta yi kuskure ita kaɗai ake rufewa, amma yawancin direbobi a cikin kenel suke zaune, babu katanga tsakaninsu da sauran. A ranar 19 ga Yulin 2024, wata sabuntawa ta kamfanin CrowdStrike ta sa direbansa ya karanta wajen iyakar da aka ware masa. Microsoft ta ƙiyasta cewa na'urorin Windows miliyan 8.5 abin ya shafa, jiragen sama da dama kuma suka kasa tashi.

"Da zarar an gano kuskuren, an gama"

Gyaran kansa sau da yawa layi biyu ne ko uku, misali a mayar da wurin da aka manta a hanyar fita bayan wani mataki ya gaza. Wahalar tana wajen ganowa, domin ɓarnar kan bayyana nesa da inda aka yi ta. Masu aikin na dogara da kayan bincike irin su kmemleak da KASAN. Bayan nan sai a duba gyaran, a shigar da shi, a kai shi tsofaffin zubin kenel, sannan kamfanin waya ya tura wa masu amfani. Wayar da kamfaninta ya daina kula da ita ba za ta taɓa samunsa ba.

Saboda haka, idan saƙon sabunta tsari ya zo, kada mu yi ta ɗage shi don tsimin data. In za mu sayi waya kuma, mu tambayi shekara nawa za ta ci gaba da samun sabuntawa kafin mu tambayi girman RAM ɗinta.