Me Ya Sa Wasu Tawadojin Alƙalami Suke Wari, Kuma Wace Ce Mai Araha Marar Wari?

Idan kana rubutu da alƙalamin nan mai bakin ƙarfe da ake ɗura wa tawada, wataƙila ka taɓa buɗe kwalba wani wari irin na asibiti ya doki hancinka. Ga mai rubutu na sa'o'i, ko mai saurin ciwon kai, abin ba ƙarami ba ne. To daga ina warin yake zuwa?

Mafi yawan abin da ke cikin kwalbar ruwa ne. Sai rini, da ɗan sinadari irin su gilisarin da ke hana ta bushewa a bakin alƙalami, da wani mai sa ta gudana sumul. Waɗannan ba su cika wari ba. Matsalar ita ce ruwa mai irin waɗannan haɗe-haɗe gida ne ga fumfuna da bakteriya, don haka ana zuba maganin kashe su. Wanda aka daɗe ana amfani da shi shi ne finol, sinadarin da likita Joseph Lister ya riƙa tsabtace raunuka da shi a shekarun 1860. Sinadarin da ke cikin Dettol ma danginsa ne, shi ya sa warin ya yi maka kama da na asibiti. Kuma da yake zafi yana ƙara saurin tashin irin waɗannan sinadarai zuwa iska, a lokacin bazara za ka fi jin sa.

Akwai wari na biyu, mai kama da na ƙarfe. Wannan na tawadar da ake haɗawa da gishirin ƙarfe da tsamin itatuwa ne, wadda ke ƙara duhu a kan takarda idan iska ta taɓa ta. Ba ta goguwa da sauƙi, amma tana da tsami, sai an riƙa wanke alƙalami akai-akai. Na uku kuwa shi ne warin ruɓa. Idan ka ji shi, ko ka ga yauƙi a cikin kwalbar, zubar da ita kawai. Ta lalace, kuma za ta gurɓata maka alƙalami.

To wace za ka saya? Nemi tawadar rini ta yau da kullum, shuɗiya ko baƙa, daga tsofaffin kamfanoni: Pelikan 4001, Waterman, ko Parker Quink da aka fara fitarwa a 1931. Yawanci warinsu kaɗan ne, farashinsu kuma da sauƙi. Amma hanci ya bambanta, saboda haka in da hali ka shinshina kafin ka biya.

Wajen kuɗi, kwalba ta fi ƙananan kwanson roba araha nesa ba kusa ba. Ƙaramin kwanso na gama-gari bai kai mililita 1 ba, alhali kwalbar Waterman mililita 50 ce, wato ta haura kwanso 50. Abin da kake buƙata kawai shi ne ɗan famfon da ake sa wa alƙalami don zuƙo tawada.

Kada neman araha ya sa ka ɗura tawadar allo. Ana yin ta da gawayi ko kunkunniya da ƙaro, ƙaron kuma idan ya bushe zai toshe siririyar hanyar da tawada ke bi. Haka ma tawadar zane da ta na'urar buga takarda. Kada kuma ka ɗiga turare don kashe wari, domin mai da sinadarin da ke cikinsa suna iya ɓata tawadar da robar alƙalamin.

Ka riƙa rufe kwalbar sosai, ka ajiye ta a inuwa, ka kuma wanke alƙalaminka da ruwa mai tsabta duk bayan 'yan makonni. In ka kiyaye waɗannan, kwalba ɗaya za ta yi maka watanni.