Haddin Littafin Soyayya da Maƙwabtansa

Duk lokacin da aka tayar da zancen tace littattafai a Kano, tun daga shekarar 2007 da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta sa aka ƙona wasu a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya har zuwa yau, kalma guda ce ke yawo a bakin mai suka da mai kariya, wato "littattafan soyayya", kamar dai duk abin da aka jera a rumfunan Sabon Gari, in dai akwai hoton mace a bangonsa, jinsi ɗaya ne, hukuncinsa kuma ɗaya. Alhali kuwa malamanmu na usulu sun daɗe da karantar da mu cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci haƙiƙaninsa, an san haddin da ya raba shi da maƙwabtansa.

Masu karatun irin wannan adabi a Amurka da Ingila, inda kamfanin Mills & Boon ya shahara da shi, sun tsaya a kan rukunai biyu: na farko, soyayyar mutum biyu ta zama ita ce ƙashin bayan labari; na biyu, a ƙare da haɗuwarsu cikin farin ciki. Da wannan ma'auni, ƙissar Laila da Majnunu, duk da kasancewarta uwar labaran bege a wurin Larabawa, ba ta shiga ba, domin rabuwa da mutuwa ne ƙarshenta. Rukuni na biyu ana iya jayayya a kansa a wurinmu, amma na farkon ba shi da makawa, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin tuntuɓe.

Daddawa tana cikin kusan kowace miya a ƙasar Hausa, amma ba wanda ya taɓa kiran miyar kuɓewa miyar daddawa. In an rasa ta miya za ta yi lami, ba ta dai fasa zama miya ba, amma in aka cire kuka daga miyar kuka, to, ruwa kawai ya rage a tukunya. Haka maginin soro ya san bambancin azarar da ke ɗauke da rufi da zanen da aka yi wa bango: a kankare zane ɗaki yana nan tsaye, a zare azara ya rufta. Masaƙi ma ya san zaren tsaye daban, adon bakin zane daban. To, mai son sanin jinsin littafi sai ya zare soyayyar da ke ciki a zuciyarsa, ya duba ko labarin zai tsaya.

A gwada wannan da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino: in aka raba Sumayya da Muhammad, babu sauran labari, don haka littafin soyayya ne tsantsa, kamar So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da ya fito a 1980. Amma Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Balaraba Ramat Yakubu ta wallafa a 1990, ina soyayyar da ke ɗauke da shi? Labarin Rabi ne, uwar 'ya'ya da mijinta ya kore ta saboda wata, ta koma sayar da abinci tana riƙon zuri'arta. Littafi ne na zamantakewar aure da haƙƙin mata, wanda ya fi kusa da babin nafaƙa da saki a Risala fiye da hirar saurayi da budurwa. Jiki Magayi ma, na John Tafida da Rupert East, ko da yake da son Abubakar da Zainabu ya buɗe, ramuwar gayya ce ke jan akalarsa har ƙarshe. Sa waɗannan duka a kwando ɗaya zalunci ne ga marubutansu, musamman matan da suka ɗauki alƙalami don faɗin abin da ke ƙona su a gidajen aure.

Akwai kuma maƙwabci na ɗaya gefen, wanda shi ne ainihin abin da ke tayar wa iyaye hankali, wato rubutun batsa da yanzu ke yawo a wayoyi ta WhatsApp ba tare da ya bi ta maɗaba'a ba. Wannan maƙasudinsa motsa sha'awa ne, labari a cikinsa hujja ce kawai ta kaiwa ga alfasha. Ambaton so shi kaɗai bai taɓa zama aibi a wurin ma'abota ilimi ba, tun da Ibn Hazm, babban faƙihin Andalus, ya keɓe littafi sukutum, Ɗauƙul Hamama, a kan so da alamominsa a ƙarni na 11. Abin da ke damuna shi ne, duk sa'ad da hukuma ta tashi tsaye, mai littafin da ke ɗauke da sunansa da adireshin rumfarsa ne ake fara kira ya yi rajista, shi kuwa mai batsa, da yake ba shi da suna balle rumfa, yana can yana karɓar kuɗin 'yan mata ta asusun banki.