Kyanwar Ƙofar Wambai: Mai gadin buhun hatsi da babu wanda ya san yawanta

A tsoffin unguwannin da ke cikin ganuwar Bauchi, da wuya a ratsa lungu biyu ba a ga kyanwa a kan katanga ko a ƙarƙashin bencin mai shayi ba. Ƙofar Wambai, ɗaya daga cikin ƙofofin birnin da Malam Yakubu ya kafa a 1809, na cikin irin waɗannan unguwanni: gidaje manne da juna, zaure na bin zaure, kwata na ratsa tsakani, kuma kusan kowane gida akwai ɗakin da ake jibge buhun masara ko dawa tun lokacin kaka. Inda hatsi yake, ɓera na nan. Inda ɓera yake kuwa, tun kaka da kakanni kyanwa ce maganinsa.

Sai dai wannan dabba, duk da daɗewarta a tsakar gidan Bahaushe, ba ta da matsayin da akuya ko kaza ke da shi. Ba a yanka ta, ba a kai ta kasuwa ranar buƙata, don haka ba a lissafa ta cikin dukiya. Galibi kyauta ake bayar da 'ya'yanta, a wasu gidajen ma ita ce ke zaɓar inda za ta zauna, masu gida su wayi gari su ga sun yi baƙuwa. Sunayenta dai suna da yawa: kyanwa, mage, kuliya, mussa a bakin Sakkwatawa da mutanen Nijar, sai namijinta muzuru, wanda masu kiwon kaji ba sa ga maciji da shi. Harshen Hausa ya yi mata karin magana iri-iri, daga "mage mai kwanciyar ɗaukar rai" zuwa "kyanwar Lami", wadda ba ta cizo ba ta yaƙushi, sunan da ake laƙaba wa hukumar da ta kasa taɓuka komai.

Abin da ya sa batunta ya wuce hira shi ne zazzaɓin Lassa. An fara gano cutar a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, kuma a shekarun baya-bayan nan rahotannin Hukumar Daƙile Cututtuka ta Najeriya, NCDC, na sanya Bauchi cikin jihohin da suka fi yawan masu kamuwa, tare da Ondo da Edo da Taraba. Wani nau'in ɓera mai yawan nonuwa, mai saurin hayayyafa, shi ke ɗauke da ƙwayar cutar ba tare da ta kwantar da shi ba. Yana barin ta cikin fitsari da kashinsa a kan abinci, ko kwanukan da aka bari a buɗe, ko garin da aka shanya a ƙasa. Cutar ta fi tsananta da rani, wato daidai lokacin da aka gama girbi, aka ƙona daji, ɓeraye suka tasar wa gidaje. Masu jinyar da ke ƙarewa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, da yawansu sun daɗe ana yi musu maganin zazzaɓin cizon sauro a gida kafin a gane ainihin abin da ke damunsu.

Cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa kan kariya daga cutar, bayan adana hatsi a mazubi mai murfi da zubar da shara nesa da gida, akwai ajiye kyanwa. Ke nan abin da tsofaffin mata ke yi a Ƙofar Wambai ba tare da wani ya umarce su ba, yana rubuce a takardun Janeba.

Amma kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda aka gudanar a gidajen karkara na ƙasar Siwazilan, ya nuna cewa ɓeraye sun fi ƙaurace wa gidan da ke da kyanwa da kare tare, kuma kyanwa ita kaɗai ba ta kawo raguwar a zo a gani ba. Kazalika duk wanda ya taɓa ganin gafiya ta ratsa kwata da tsakar dare ya san mage kan kawar da kai ta yi kamar ba ta gani ba. Kyanwa taimako ce ga gidan da ke rufe abincinsa. Ba ta wanke laifin bolar da aka tara a bakin lungu.

Babban abokin gabarta a yau shi ne shinkafar ɓera da sauran gubar da ake tallar su a kasuwannin Wunti da Muda Lawal, kamar yadda ake yi a kowace kasuwa a Arewa. Ɓeran da ya ci guba ba ya mutuwa nan take. Yakan fito yana tangaɗi, ya zama farauta mai sauƙi, kyanwa ta cinye shi ta bi bayansa. Gidan da ya zuba guba ya kashe ɓera goma, amma ya kashe wadda za ta kama ɗari, kuma sau da yawa kyanwar maƙwabci ce. Ga kuma camfi: har yanzu akwai masu ganin baƙar mage da dare su ce mayya ce ta rikiɗe, yara su bi ta da jifa. Wannan kuwa a garin da kowane almajiri ya san dalilin da ya sa ake kiran sahabin nan Abu Huraira, ya kuma san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda mazhabarsa ake bi a ƙasar Hausa, akwai ruwayar da ta tabbatar da cewa ruwan da kyanwa ta sha ba ya zama najasa.

Yadda Faransa ta yi da tata

A Faransa maguna sun haura miliyan 15, sun fi karnuka yawa, kuma sun zama abokan zaman talaka da mai kuɗi a ƙananan ɗakunan birnin Faris. Ƙasar na alfahari da wani nau'i nata na gida mai suna Chartreux, mai gashi ruwan toka mai kauri da idanu ruwan tagulla. Ana ba da labarin cewa wasu limaman Kirista ne suka fara kiwonsa, amma tarihin da aka tabbatar ya fi wannan sauƙi. A shekarun 1920 wasu 'yan'uwa mata biyu, 'yan gidan Léger, suka lura da irin waɗannan maguna suna yawo a tsibirin Belle-Île, suka ɗebo su suka riƙa haɗa su da kulawa, har aka baje kolinsu a Faris a 1931. Kyanwar titi ce aka ba suna da takarda. Tun 1996 akwai hukumar LOOF da ke riƙe da rajistar asalin maguna a ƙasar.

Abin da ya fi dacewa da Bauchi daga can shi ne dokar 1999 da ta ba magadan gari ikon kama magunan da ba su da mai su, a yi musu fiɗiya, a sanya musu shaida, sannan a mayar da su inda aka same su, su ci gaba da rayuwa a ƙarƙashin kulawar gari. Haka kuma duk kyanwar da aka haifa daga 2012 wajibi ne a yi mata shaida, kuma daga watan Janairun 2024 an hana shagunan dabbobi sayar da maguna da karnuka. Dalilin waɗannan dokoki shi ne su ma Faransawa suna da nasu abin kunyar: duk lokacin hutun bazara, gidajen kula da dabbobi kan cika da waɗanda masu su suka watsar don tafiya shaƙatawa.

A Afirka ma an taɓa yin irin abin da 'yan gidan Léger suka yi. Nau'in Sokoke, wanda ba shi da wata alaƙa da Sakkwato duk da kamar suna, magen gida ce ta gaɓar tekun Kenya da aka kai Denmak, Turawa suka amince da ita a matsayin nau'i mai zaman kansa a 1993. Asali ma dukkan magunan gida na duniya, har da na Faris, sun samo tushe ne daga kyanwar dajin da ke rayuwa a Afirka da Gabas ta Tsakiya. Masu tonon tarihi na Faransa ne suka bayyana a 2004 cewa sun gano kabari a tsibirin Saifurus mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa kusa da juna. Siririyar magen nan mai dogayen ƙafafu da zane-zane a jiki da ke kwance a katangar Ƙofar Wambai ta fi kama da waccan kaka fiye da duk wata mai takardar asali.

Duk da haka, matasa masu hali a biranen Arewa sun fi karkata ga maguna 'yan Farisa masu dogon gashi da ake tallatawa a Instagram da Facebook. Ana saya musu abincin gwangwani, a kunna musu fanka saboda zafin watan Afrilu, kuma akasarinsu ba su taɓa fuskantar ɓera ba. Ba laifi ba ne mutum ya so abin da ya burge shi. Abin lura shi ne likitan dabbobi ya fi ganin waɗannan baƙi, alhali 'yar gida ce ke cuɗanya da yara da jarirai a tsakar gida.

Kyanwa na iya kamuwa da cutar haukan kare ta kuma yaɗa ta ta hanyar cizo ko yaƙushi, kuma da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira. Allurar rigakafi na kare ta, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, maƙwabciyar Bauchi, ta daɗe tana haɗa alluran dabbobi. Amma idan aka yi shelar rigakafi, karnuka da shanu ake fitowa da su. Wanda mage ta yaƙushe shi har ta fitar da jini, abin da likitoci ke so shi ne ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar, ko da kyanwar ta gidansu ce.