Kashedi Game Da Saran Ɗanyen Itace

Duk wanda ya bi manyan hanyoyin da suka nufi biranen Arewa a 'yan shekarun nan ba zai rasa ganin buhunan gawayi jibge a bakin titi ba, ana ta lodinsu cikin motoci dare da rana, alhali kuwa kowane buhu, in aka bi asalinsa, itace ne da ya yi shekara da shekaru yana tare iska, yana riƙe ƙasa, kafin wani mai gatari ya kayar da shi cikin wuni guda. Da busasshe ake sara, da ba mu ce uffan ba. Amma da kirya ta yi wuya sai aka faɗa wa kaɗanya da ɗorawa da tsamiya, waɗanda kakanninmu ba su yarda ko yaro ya karya reshensu ba, domin daga gare su ake samun man kaɗe da daddawa da abin kunu. Har gawo ma bai tsira ba, shi da Allah Ya hore masa zubar da ganye da damina don kada ya tauye gero, ya kuma yi ganye da 'ya'ya da rani, lokacin da dabba ba ta da abin da za ta ci. Wannan ai fasadi ne a bayan ƙasa, kuma talauci ba ya zama hujja ga wanda ya sayar da abincin jikokinsa.

Jama'a da yawa suna zaton mas'alar tsaro ta soja ce da 'yan sanda kaɗai, alhali kuwa lalacewar ƙasa ma tana da hannu a cikinta. To, a duba Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, sannan farin 1973 da na 1984 suka janye mafi yawan ruwansa. Masunta da manoma da makiyaya suka cunkushe a ɗan abin da ya rage, kuma duk inda samari suka rasa sana'a, mai neman mabiya zuwa ga ɓarna ba ya shan wahalar samunsu. Haka lamarin yake a ƙauyukanmu, gona ta gaji a faɗaɗa ta cikin burtali, makiyayi ya rasa hanya ya ratsa ta cikin shuka, daga nan sai husuma, sai jini, sai kasuwar ƙauye ta mutu.

Magani kuwa ba sai an jira hukuma ba, ko da yake Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin katangar itatuwa tun 2007. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun riga sun nuna hanya tun shekarun 1980 da abin da suke kira sassabin zamani, watau idan manomi ya zo sharar gona, maimakon ya sassabe duk tohon da ya fito daga tsohon kututture ya cinna masa wuta, sai ya zaɓi biyu ko uku mafiya ƙarfi ya bar su, ya datse sauran, ya riƙa yi musu aski kowace shekara. Da wannan dabara, wadda ba ta bukatar irin dashe ko ban ruwa, suka rayar da ƙasa wajen hekta miliyan 5. Mu kuwa mun fi son bikin dashen itatuwa, a yi jawabi a watse, kafin mako ya zagayo awaki sun gama da su.

Saboda haka muna roƙon dagatai da masu unguwanni su hana saran ɗanyen itace mai 'ya'ya a ƙasarsu, limamai su ambaci lamarin cikin huɗuba, tun da dasa itacen da mutum ko dabba za su amfana da shi sadaka ce. Kai kuma manomi, idan ka fita shara bana, ka bar tohon da ka tarar a gonarka ya girma.