Taransifomar raba wuta: abin da take yi wa sautin gida da abin da ba ta iyawa

A shagunan kayan sauti na kasuwar Sabon Gari a Kano, idan ka yi ƙorafin cewa amfilifayarka tana ƙugi, ba za a rasa wanda zai nuna maka wani akwati mai nauyi ya ce shi ne magani ba. Taransifomar raba wuta ke nan. Akasarin irin waɗannan kaya daga lardin Guangdong na ƙasar Sin suke fitowa, inda 'yan kasuwarmu suka saba: mai sarin wandon jins ya nufi Xintang a gabashin Guangzhou, mai kayan sauti ya nufi wajajen Panyu. Wutar Sin bolt 220 ce, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, tamu ta Nijeriya 230 ce da juyi iri ɗaya, saboda haka kayan can suna aiki da wutarmu ba gardama. Amma kafin mutum ya cire kuɗi, ya kamata ya san ciwon da akwatin yake warkarwa.

A cikinsa naɗin waya ne guda biyu a jikin ƙarfe ɗaya, kuma babu wayar da ta haɗa su. Wuta ta shiga na farko, ta zama ƙarfin maganaɗisu a jikin ƙarfen, maganaɗisun ya haifar da wata wutar a na biyu. Michael Faraday ne ya fara nuna haka a Landan a 1831 da zoben ƙarfe. Tunda yawan naɗin biyu ɗaya ne, bolt ɗin da ya shiga shi ne zai fita. Asalin aikinta ma kare rai ne, shi ya sa ake sa ta a ɗakunan tiyata da teburin masu gyaran talabijin. Masu son sauti daga baya suka ɗauke ta.

Dalilinsu kuwa yana da tushe. Wutar da ke zuwa gida ba ita kaɗai take tafe ba. Cajar waya mai araha, ƙwan LED, firji, inbata ta sola, mai walda a bakin layi, duk suna zuba ƙazantar lantarki a wayar da kowa ke sha daga gare ta. Wannan ƙazanta ce kan fito a sifika kamar tsuwwa ko tas-tas. Taransifoma mai kyau, wadda aka shimfiɗa mata fallen jan ƙarfe tsakanin naɗin biyu aka haɗa shi da wayar ƙasa, tana tare kaso mai yawa na irin wannan. Wadda ba ta da fallen, da yawa daga ƙazantar tsallakewa take yi. Akwai kuma lokacin da ƙugin daga jikin amfilifayar yake fitowa, ba daga sifika ba, saboda wutar layin ta karkata gefe guda. Nan ma tana taimakawa, ko da yake wani lokaci ita sai ta karɓi ƙugin, sai an kai ta nesa da wurin zama.

To, a nan ƙarfinta ya tsaya, kuma a ganina a nan yawancin gidajenmu suke shan kashi. Babban ciwonmu a yankin KEDCO, wato Kano da Katsina da Jigawa, haka ma a Maraɗi wajen NIGELEC, shi ne wutar da ke zuwa ba ƙarfi. Idan bolt 170 ya shiga, 170 zai fita, har ma da ɗan ragi. Ɗaga irin wannan wuta aikin sitabilaiza ne. Ba ta kuma saita janaretan da ke hawa yana sauka, ba ta gyara wutar inbata mai arha wadda ke sa fanka kuka. A kan irin wannan inbata ma zafi za ta yi ta ɗauka.

Sai ƙugin nan mai kauri da ba ya yankewa, wanda ake ji a lasifikar masallatai da wuraren biki da ƙananan situdiyo na titin Gidan Zu. Galibi ba daga soket yake shigowa ba. Yana faruwa ne idan na'urori biyu, misali dikoda da amfilifaya, ko kwamfuta da mikisa, suka haɗu da ƙasa ta hanyoyi biyu daban, sai wata 'yar wuta ta riƙa zagayawa ta wayar sautin. Babbar taransifoma ba kasafai take katse wannan zagaye ba, domin wayar ƙasa wucewa take ta cikinta. Maganinsa ƙaramar taransifoma ce da ake sawa a kan wayar sautin, ko a kan wayar eriya, wadda kuɗinta bai kai na babbar ko kusa ba. Gwajin kuma kyauta ne: zare duk wayoyin da suka shiga amfilifaya, ka bar ta da sifika kawai. In ƙugin ya ɗauke, mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin. In bai ɗauke ba, sannan a fara zargin wuta ko na'urar kanta.

Wasu masu gyara sukan karya ƙafa ta uku ta filogi, wato ta wayar ƙasa, kuma lalle ƙugin yakan tafi. Kada ka yarda. Ranar da wayar wuta ta taɓa jikin amfilifaya, wanda ya riƙe makirufo shi ne hanyar ƙasa. Ita kanta taransifomar tana da nata tarkon: na'urar kariya ta cikin gida, wadda ke katse wuta idan ta ja mutum, ba ta ganin abin da ke faruwa a bayan taransifomar. Saboda haka mai aikin wuta da ya san kan abin ne zai haɗa ta.

Wanda ya gwada ya tabbatar yana bukatarta, ya duba girma. Da VA ake rubuta ƙarfinta, kuma ana son ta kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na abin da kayan ke ja. Ƙarama takan shaƙe amfilifaya daidai lokacin da ganga ta buga, sautin ya fito a lanƙwashe, ka biya kuɗi ka sayo koma-baya. Ya ɗaga ta ya ji nauyi, domin mai VA 1,000 ta gaskiya tana kaiwa wajen kilo goma, mai sauƙi ƙwarai kuwa ko naɗin alminiyam ne ko an ƙara gishiri a lambar. Ya kuma sa a ɗora mita tsakanin ƙafafun wutar shiga da na fita kafin a biya. In mita ta nuna a haɗe suke, akwatin mai naɗi ɗaya ne, irin na cikin yawancin sitabilaiza da na rage wuta zuwa 110 don kayan Amurka, kuma ba ya raba komai.