Abincin matafiyi a Batsari da Safana: Me ya hana shi bunƙasa?

Matafiyin da ya sauka Legas ko Abuja yakan tarar da reshen Domino's Pizza, kamfanin Amurka da ya shigo Najeriya a 2012. A Abuja kuma akwai Yahuza Suya, wanda ya mayar da gashin naman Hausawa sana'a mai rassa. Amma wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Batsari, ko ta Dutsin-ma zuwa Safana, abincinsa yana hannun mai tsire da balangu a bakin tasha, da mai dafaffen rogo da dankali, da mai tallar fura da nono.

Abincin yankin yana da ɗanɗanon da zai kai sunansa birane. Abin da ya daƙile shi yana da alaƙa da tsaro kai tsaye.

Abin da sana'a mai rassa ke buƙata

Gidan abinci mai rassa yana rayuwa ne a kan tabbaci. Sai an samu wutar da za ta riƙe firji, da hanyar da kaya za su bi kullum ba fargaba, da masu saye har bayan isha'i. Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu, wanda ya miƙa har iyakar Zamfara, inda 'yan bindiga suka daɗe da kafa sansani. A garin da direba ke sauri ya fita kafin magariba, mai nama yakan kashe wutarsa da wuri, cinikin dare ya tafi ke nan.

Yadda dokar 2021 ta shafi tukuba

A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu kan dokar daƙile matsalar tsaro. Dokar ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ciki har da na Batsari da Safana, ta kuma hana sayar da fetur a jarka. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan biyu. Manufar ita ce toshe wa ɓarayin daji hanyar samun kuɗi da mai da labari. Sai dai matakin ya taɓa mahaucin da ke sayen rago a kara, da mai janareta, da ɗan kasuwar da ke karɓar kuɗi ta waya.

Ƙwaryar fura ta fi komai nuna zurfin asarar. Geron daga manomi yake, nonon daga makiyayi. Idan noma ya gagara, ko aka daina yarda da matan ruga su shigo gari, furar tana tsada, hulɗar da ta haɗa al'ummomin biyu tun kaka da kakanni kuma ta yi rauni.

Abin da ya kamata a sa wa ido

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, a 2025 kuma aka yi zaman sulhu da 'yan bindiga a yankin, lamarin da ya jawo muhawara. Mai son sanin ko sulhun ya kankama yana iya duba tasha da kasuwa: ƙarfe nawa mai tsire ke tashi, dabbobi nawa ke shiga kara, kuma ko masu nono sun dawo da ƙorensu.