Mawallafi a Cikin Aji: Wata Al'ada ta Makarantun Biritaniya

Sau da yawa yaro ƙarami in ya ɗauki littafi, ba ya kawowa a ransa cewa wani ɗan Adam ne ya zauna ya rubuta shi. A ganinsa littafi kamar dutse ne, haka aka tarar da shi. Don a kawar da wannan zato ne makarantu da laburare na ƙasar Biritaniya suke gayyato mawallafan littattafan yara su zo su yini tare da 'yan makaranta.

Ga yadda abin yakan kasance. Da safe a tara yara a babban zaure, baƙon ya karanta musu wani yanki na littafinsa, su kuma su yi masa tambayoyi. Waɗansu mawallafan sukan zo da takardunsu na rubutun farko, duk an soke nan an gyara can, don yara su gani da idonsu cewa gwani ma sai ya maimaita aiki. Bayan haka sai ya riƙa bi aji aji, ya sa kowane yaro ya ƙago labari ko waƙa tasa ta kansa. In kuwa mai zanen hotuna ne, sai ya kafa babbar takarda, yara na faɗa masa siffar dodo yana zanawa, daga nan kowa ya ɗauki fensir ya gwada. Watau ba sauraro kaɗai yaron ya yi ba, ya koma gida da abin da hannunsa ya yi.

A shekarar 1999 aka ƙirƙiro wani muƙami da ake kira Children's Laureate, watau jakadan littattafan yara. Shawarar ta fito ne daga wata hira tsakanin sha'iri Ted Hughes da mawallafi Michael Morpurgo, kuma mai zane Quentin Blake ne ya fara riƙe shi. Galibi shekara biyu ake yi a kai. Julia Donaldson, da ta riƙe muƙamin, ta yi rangadin laburare a 2012, tun daga John o' Groats a arewacin Sikotilan har Land's End a kudu maso yammacin Ingila, tana sa yara su mai da labarai wasan kwaikwayo. A 2013 Malorie Blackman ta zama baƙar fata ta farko da aka naɗa, abin da ya nuna wa 'ya'yan baƙi cewa su ma suna da rabo a harkar wallafa. Lokacin da aka fi neman mawallafa kuwa shi ne makon Ranar Littafi, wadda a Biritaniya ake yi ran Alhamis ta farko a watan Maris.

To, amma fa akwai matsala. Mawallafi da alƙalaminsa yake ci, saboda haka tilas a biya shi ladan yini da kuɗin tafiya. Makarantar da ke unguwar masu hali ba ta jin nauyin wannan, amma ta talakawa sai ta auna tsakanin gayyatar baƙo da sayen kayan aiki. Laburare kuma, inda yaro ke shiga kyauta, kusan 800 aka rufe tsakanin 2010 da 2019. Wani bincike da ƙungiyar National Literacy Trust ta yi a 2023 ya nuna cewa wajen yaro ɗaya ne cikin biyar ya ce mawallafi ya ziyarci makarantarsu. Ke nan yaron da ba littafi a gidansu, wanda ya fi kowa bukatar ziyarar, shi ne ba safai yake samunta ba.

A Sikotilan an rage wannan wahala, gama ƙungiyar Scottish Book Trust takan biya wani kashi na ladan mawallafin da kuɗin tafiyarsa. Ta haka makarantar da ke wani tsibiri mai nisa ma takan iya karɓar baƙo.

Malamai suna cewa ziyarar yini ɗaya ba ta isa ta mai da yaro makaranci ba. Sai an karanta littafin a aji kafin baƙon ya zo, an kuma ci gaba da rubutu bayan ya tafi. Mawallafi shuka kawai yake yi, ban ruwa kuwa aikin malamai ne da iyaye.